Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Yaƙi Da Tantabara

Bawana na Tudun Wada, labari ya iso Kano tun kafin ka sauko daga tsani. An ce ka sa sola a kan rufi, tantabarun maƙwabci da hasbiyoyin unguwa suka tare a ƙarƙashinta, kai kuma ka ɗaura yaƙi. Ka rataya tsofaffin faya-fayan CD, ka ɗaure ledoji a sanda, har mujiyar roba ka saya da kuɗinka. Ba a yi mako ba suka mai da kan mujiyar wurin shan hantsi. Wai a garin da yake da jami'a tun 1962!

To gyara zama, ubangidanka zai karantar da kai kyauta, abin da Bakano bai saba yi ba. Tantabara asalinta 'yar duwatsu ce, kogo take nema. Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin sola da kwano kuwa kogo ce ka gina mata: ga inuwa, ga ɗumi, shaho ba ya hango ta. Ƙwai biyu take sakawa, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci, kwana 18 sai ƙyanƙyasa, kuma kafin 'yan shila su tashi ta sake saka wasu. Abin tsoron da ba ya motsi, kwana biyu take gane shi. Shi kuma malamin da ya ce ka kama su ka kai Kaduna ka saki, ka tambaye shi: tsuntsuwar da aka riƙa aikawa da wasiƙa a yaƙin duniya ce za ta ɓata a hanyar Jaji? Sai ta riga motarka isowa gida.

Ka jira sheƙa ta zama wayam, ka kira mai walda ya zagaye solar da ragar waya, ya toshe duk ɓular da ke kaiwa cikin silin. Kashin kuma ka yayyafa masa ruwa kafin shara, ka rufe hanci, don ƙurarsa tana taɓa huhu. In ka bar shi zai ci kwano, ya toshe indararo, ya rage maka wutar da kake yi mana tinƙaho da ita. Sannan ka roƙi uwargida, in kana da ƙarfin hali, ta daina barin tsaki da shanyar gero a fili. Ba a korar baƙo ana ajiye masa akushi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ji na yi a kwata kake zubar da kashin. Taki ne, bawan Allah! Manoman rani na Kadawa da kuɗi suke neman irinsa. Ka tara min a buhu, zan turo yaro ranar Asabar. 'Yan shilan maƙwabci ka mayar masa, na hasbiya kuwa ka haɗo da su, akwai mai jego a gidana. Kuɗin motar yaron yana wuyanka.