Yadda Ake Jero Finafinai Goma a Majalisa Ba a Ɓata Zumunci Ba

Akwai tambayar da in aka jefa ta a majalisa bayan sallar isha'i, shayi sai ya huce a kofi ba wanda ya kurɓa: "Wai kai, a duk finafinan da ka taɓa kalla, waɗanne goma ne suka fi?" Na ga dattijo da furfurarsa ya miƙe tsaye yana gyara babbar riga don kawai an sa Sholay a na uku. Na ga aminai biyu da suka yi makarantar allo tare sun kwana biyu suna gaisawa sama-sama saboda ɗaya ya ce Wasila ta fi Sangaya. Abin yana da ladubbansa, kamar yadda cin tuwo a taro yake da nasa, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a faɗa wa jama'a su.

Da farko dai, ɗan'uwa, kada ka yarda a ce kai za ka soma. Wanda ya fara jero nasa shi ke shan ruwan tambayoyi. Ka gyara zama, ka bar wani ya buɗe fage, kana lura da wa ya ɓata fuska da aka ambaci wane fim, wa kuma ya yi murmushi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kafin layi ya zo kanka ka san inda ƙaya take.

Sai maganar wanda za ka ɗora a sama. In akwai wanda ya haura shekara hamsin a wurin, ka sani kujerar farko tana da mai ita tun 1975, shekarar da Ramesh Sippy ya fitar da Sholay. Fim ne da ya wuce awa uku, amma dattawan nan sun haddace shi kamar karatun safe: ɓarayi biyu, Jai da Biru, da tsohon ɗan sanda Takur wanda Gabbar Sing ya sare wa hannaye biyu, da Basanti mai keken doki wadda bakinta ba ya hutawa. Ba dole ba ne ka sa shi a na ɗaya, ra'ayi riga ce. Amma in za ka sauke shi, ka sauke shi da ladabi. Ka fara yabon abotar Jai da Biru, ka ambaci kwabon nan mai fuska iri ɗaya gaba da baya wanda asirinsa bai tonu ba sai da Jai ya mutu, ka ɗan yi shiru na girmamawa, sannan ka faɗi naka. Dattijon zai ce da kai yaro ne, amma zai miƙo maka goro.

Fim ɗaya ne na sani da ake ɗora wa Sholay a kai a zauna lafiya, shi ne Mother India na 1957. Nargis ce ta fito a matsayin Rada, matar da ta yi noma da hannunta, bashin mai ba da rance ya cinye mata gona da shanu, ta raini 'ya'yanta cikin yunwa, daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta Birju don ya ɗauke 'yar mutane ranar aurenta. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san wannan mata. Tun da Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa a shekarun 1950, abin da ya kama zuciyar Bahaushe ke nan: kunya, da biyayya ga uwa, da auren da ba a so, da talaka a hannun mai kuɗi. Mutane ba sa jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma suna fitowa daga Plaza ko Orion ko El Dorado suna ba da labarin tiryan-tiryan kamar a gabansu aka rubuta shi.

Wani abin da ke ƙara wa mutum daraja a majalisa shi ne kiran jarumai da sunayen da aka raɗa musu a nan gida. Kada ka wahalar da harshenka wajen Dharmendra, ka ce Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin ne. In ka yi haka an san ka zauna a benci, ba labari ka ji ba.

Haka kuma kada rashin sanin sunan fim ya sa ka jin nauyi. Rabin finafinan da muke ƙauna ba da sunansu muka san su ba, da abin da ya faru a ciki muka san su. "Mai giwayen nan" ya wadatar, kowa ya san Haathi Mere Saathi na Rajesh Khanna kake nufi. Inda za ka yi hattara shi ne "mai macijiyar nan", domin biyu ne suka yi suna, kuma kowanne da jama'arsa. Akwai Nagin na 1976, inda macijiya ta bi waɗanda suka kashe mata miji tana ɗaukar fansa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma Nagina na 1986 wanda Siridebi ta yi da Amrish Puri. Na taɓa ganin mutum biyu sun shafe rabin awa suna gardama mai zafi, ashe kowa macijiyarsa daban. Ka bayyana taka tun da wuri.

Yanzu ga babbar magana, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Jerin da babu fim ɗin Hausa ko ɗaya a cikinsa bai cika ba. Akwai masu jin cewa in sun ambaci fim ɗin gida ajinsu zai ragu, sai su cika goman nan da na Amurka, alhali in aka saki sautin Sangaya a gidan biki su ne kan gaba wajen kaɗa kai. Tun Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990 ake wannan sana'a, da kyamarar ɗaukar biki da kuɗin karo-karo, har ta kai ga kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da kaset, har aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. A cikin wannan tarin ba za ka rasa wanda ya taɓa ka ba. In ba Sangaya ba, ga Wasila, labarin cin amanar aure da ya sa gari ya ɗauki zance. Ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda aka karanta a littafi kafin a gan su a allo. Ga kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Game da Ibro shawarata ɗaya ce: kada ka tsaya zaɓen fim guda, don ba za ka gama ba kafin asuba. Ka ba shi kujera ɗaya sukutum, ka ce "Ibro", ka wuce. Ban taɓa ganin majalisar da ta ƙi amincewa da wannan ba.

Amma fa kada kishin gida ya kai ka ga aro. Akwai masu cewa Shehu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, don a ce su masana ne. Fim ne mai daraja, wanda ya gan shi ya faɗa da ƙarfi. Wanda kuwa littafin kawai ya karanta a sakandare, ya sani a kowace majalisa akwai mutum ɗaya mai shiru-shiru a gefe, wanda ba ya magana sai sau ɗaya a dare, kuma tambayarsa ita ce: "A ina ka kalle shi?" Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wannan tambayar tasa ma ita ce gishirin zancen. Duk fim ɗin da ka ambata, ka haɗa shi da wurin da ka gan shi da wanda kuka gani tare. Ni Sangaya ne a kan jerina, kuma na san akwai finafinan da suka fi shi kyan hoto da tsari. A tsakar gidanmu na kalle shi, an fito da talabijin an ɗora a kan teburi, matan unguwa sun cika tabarmi uku, yara sun hau katanga. Ana tsakiyar labarin ɗan sarki da yarinyar da ke aiki a gidan sarauta aka ɗauke wuta, kaset ya maƙale a cikin bidiyo. Ba wanda ya tashi. Yayata ta ci gaba da ba mu labarin a cikin duhu, tana kwaikwayon muryar kowa, har aka dawo da wuta. Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. In na faɗi haka a majalisa, ko mai son Wasila ba ya ja da ni, sai dai ya ce amin, shi ma ya kawo nasa labarin.

Na Caina da na Amurka kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Akta ne da bos, an kashe wa akta malami ko an sace masa 'ya, shi ke nan sai faɗa. Ka ware musu kujera biyu. Ɗaya ta Burusli ce, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32, kafin Enter the Dragon ya fita duniya ta gani. Ɗayar kuma ka zaɓa tsakanin Drunken Master na Jaki Can, da Rambo, da Kwamando na 1985. Roƙona dai, kana zaune za ka yi bayani. Tsallen da ka iya kana ɗan shekara goma sha biyu ba lallai ne gwiwa ta amince da shi yau ba, ga kuma butar mai shayi a kusa.

In ka ga gardama ta fara zafi, muryoyi sun tashi, akwai maganin da ba ya kuskure. Ka ambaci fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya, Antoni Kwin ya fito a matsayin malamin allon da ya yi shekara ashirin yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Nan take wurin zai yi tsit, kowa ya tuna tabaran nan da ya faɗi ƙasa da yaron da ya ɗauka. Daga nan sai a ci gaba da hira cikin sanyin murya.

Za a kawo maka rigimar masu dogon zango. Wani zai ce Labarina na Aminu Saira, wani Daɗin Kowa, wani Izzar So, dattijo kuma ya ce in haka ne shi ma a sa masa Samanja da Karkuzu da wasannin marigayi Ƙasimu Yero. Hukuncina a nan shi ne a yi musu nasu jerin daban, a wani daren daban. Abin da aka yi shekaru ana bibiya ba a auna shi da mudu ɗaya da na awa uku.

Yaran yanzu kuma a yi musu adalci. In saurayi ya ce Bahubali ne gwaninsa, kuma da Hausa ya kalle shi a waya, kada a yi masa dariya. Masu fassara irin su Algaita sun ba yaran nan abin da iyayensu ba su samu ba, wato jin abin da jarumi ke faɗa, har da ƙarin barkwancin da ko mai fim ɗin bai san da shi ba. Sharaɗi ɗaya ne a kansa: ya faɗa mana fassarar wa ya kalla, don wani lokaci muryar mai fassarar yake ƙauna, ba fim ɗin ba.

Akwai jerin da ba a cika jin sa a majalisa ba, kuma a ganina ya fi na kowa daɗi, wato na iyayenmu mata da matanmu. A da, mace mai mutunci ba ta zuwa silima a Kano, bidiyo ne ya kai musu fim har ɗaki. Su suka riƙe kasuwar kaset, su suka san wace jaruma ce ta fara ɗaura wane ɗankwali. Ka zauna ka tambayi maiɗakinka nata goman. In ka ji Sharukan ya fito sau biyar, daga Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 zuwa Kuch Kuch Hota Hai na 1998 da Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, kada ka tsuke fuska. A Mumbai ma akwai silimar Maratha Mandir da ta yi shekaru fiye da ashirin tana nuna na farkon nan kullum, kuma mutane na shiga. Ka tambayi Hajiya ita ma. Za ka ji sunayen finafinan Hausa da ka manta an taɓa yi, da sunayen jaruman da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Ahmad S. Nuhu da ya rasu a hatsarin mota ranar farko ta shekarar 2007.

A nan ne abin yake sosa mini rai. Da yawa daga finafinan da Hajiya za ta lissafa maka, in ka fita nema ba za ka same su ba. Na Indiya da na Caina suna nan a intanet tar da su, masu su sun adana. Namu kuwa a kaset aka yi su, kaset kuma zafi da ƙura da damina suna cin sa, masu shagunan haya sun daɗe da rufewa sun koma tura finafinai a waya.

Don haka, mai karatu, bayan ka rubuta goman naka, ka leƙa ƙarƙashin gado da saman sif da tsohuwar adakar Hajiya. In ka tarar da kaset ɗin fim ɗin Hausa, ko kwalinsa ya yage, don Allah kada ka ba yara su warware zaren su yi wasa da shi. Ka kai wa masu juyar da kaset zuwa kwamfuta, su kwafe maka shi tun yana nunawa.