Tilo da Tagwaye: Yadda 'Ya'ya Ke Komawa Yaya

Mutanen Beli, na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: "Malam, taki ya yi tsada, kai kuma ka zo mana da zancen 'yan alamomin saman harafi?" Ku sassauta. Wayar Android da ke aljihunku a kan Linux aka gina ta. Yaron nan da kuke cewa ba ya komai sai latse-latse, in ya sa manhajar Termux a ciki, da Bash yake magana, ɗan aiken da Brian Fox ya fitar a 1989, magajin na Stephen Bourne na 1979. Ɗan aike ne mai ladabi, sai dai ba ya tambaya. Abin da ka rubuta shi zai kai, ko da ba shi kake nufi ba.

Ka ajiye suna a ma'aji: gari="Rogo Sabon Gari". In ka rubuta echo "$gari" da alamar zance tagwaye, zai buɗe ma'ajin ya karanto maka Rogo Sabon Gari. In tilo ka sa, echo '$gari', ko leƙawa ba zai yi ba, $gari ɗinka zai maido maka. In kuwa ka yi rowar alamar gaba ɗaya ka ba da umarnin gogewa, rm $gari, sai ya datsa sunan gida uku, ya tafi neman fayil mai suna Rogo, da Sabon, da Gari. Duk wanda ya riska ya goge, wanda ka aike shi gunsa kuma yana nan daram.

Alhaji, na ga ka gyara zama da ka hango alamar dala. Ba kuɗi ba ne, ranka ya daɗe. Amma tunda ka fi son lissafi, rubuta echo "Buhu $50" ka gani. Buhu 0 zai fito! Ya ɗauki $5 a matsayin ma'aji, ya leƙa ya tarar wayam, ya bar maka sifiri. Da tilo ka sa, da hamsin ɗinka na nan.

Mu Hausawa ma abin ya fi shafa, don harshenmu cike yake da wannan alama. Rubuta echo 'ya'ya, zai haɗiye alamomin biyu ya ce yaya. Hajiya, ga 'ya'yanki sun girme ki. Rubuta echo sana'a kuwa, sai ya yi tsaye yana jiran ka rufe zancen da ka buɗe, ko Magariba za a kai. Maganin dai tagwaye: "sana'a".

Kun ce wannan kuskuren 'yan koyo ne? A Nuwamban 2001 kamfanin Apple ya saki iTunes 2, an manta alamar zance a layin gogewa, wasu masu faifan ajiya da ke da tazara a sunansa suka wayi gari babu fayilolinsu. Kada kuma ku ɗauki tagwaye laya. A Janairun 2015 aka gano manhajar wasanni ta Steam a Linux tana da rm -rf "$STEAMROOT/"*, ga alama cas, amma da ma'ajin ya zo fanko sai gogewa ta fara tun daga tushe.

Saura masu kwafo umarni daga Word, inda alamomin ke lanƙwashewa don ado. Bash bai san su ba, haruffa kawai yake gani.

Don haka, ma'aji a sa masa tagwaye, abin da ake so ya fito yadda yake a sa masa tilo. Wanda har yanzu yake musu, bismilla, ga rm nan. Amma ya gwada a kwamfutarsa, ba ta aro ba.