Yadda Ake Jinyar Takaicin Ƙarshen Pirates of the Caribbean

Duk wanda ya bi finafinan 'yan fashin teku na Pirates of the Caribbean tun daga na farko a 2003 ya san tabon da na uku, At World's End na 2007, ya bari a zukata. Ana tsakiyar gumurzu, ruwa yana juya jirage, Kyaftin Barbossa ya ɗaura wa Will Turner da Elizabeth Swann aure da takobi a hannunsa. Ko guɗa ba a gama ba Davy Jones ya soke ango. Don a ceci ransa, Jack Sparrow ya kama hannun Will ya caka karyayyen takobi a zuciyar Jones. Haka Will ya gaji jirgin Jones, Flying Dutchman, da sharaɗinsa: shekara goma a teku, kwana ɗaya a tudu. In har yau abin yana cinka, ɗan'uwa, ga magani.

Da farko, kada ka yi fushi ka kashe kallo da zarar sunayen ma'aikata sun fara hawa. Da yawa sun tashi suna tsaki, suka yi asarar abin da aka ɓoye a can ƙarshe: bayan shekara goma, Elizabeth tana tsaye a kan tsauni da ɗansu, koren haske ya walƙa a bakin sama, Will yana tafe. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Na biyu, ka yi lissafin nan sau ɗaya ka ajiye alƙalami. Auren shekara hamsin ya tashi a kwana biyar. Ko ɗan cirani ya fi haka ganin gida. Ka faɗa da ƙarfi, ka dafe kai, ka sha ruwa. Maimaitawa ba ta ƙara ko wuni guda.

Na uku, ka san inda za ka sauke laifi. Ka ƙyale Jack. Mutumin da ya shafe fim guda yana farautar rai marar mutuwa, ga zuciyar Jones a tafin hannunsa, ya sallama ta don abokin da suka sha cin amanar juna. Ladansa kuwa? Barbossa ya sake gudu da jirginsa Black Pearl, ya bar shi da ɗan kwale-kwale, sai dai Jack ya riga ya yanke tsakiyar taswirar da Barbossa ya dogara da ita ya soke a aljihu. Shi ma Jones ka sassauta masa: ya cika shekarunsa goma yana raka rayukan waɗanda suka mutu a teku, ya dawo bai tarar da masoyiyarsa Calypso tana jiransa ba. Duk fushinka ka tattara wa Cutler Beckett na kamfanin East India, wanda ya buɗe fim ɗin da rataye mutane har da ƙaramin yaro.

Na huɗu, ka ba ƙananan koke-koke haƙƙinsu. Kraken, dodon da ya haɗiye Jack a fim na 2006, sai gawarsa aka nuna mana yashe a bakin gaɓa, ba faɗa ba ban kwana. Calypso da aka yi ta tsorata mu da ita ta kumbura ta kai tsayin jirgi, ta tarwatse ta zama ƙaguwoyi. Norrington, hafsan Beckett, ya gyara halinsa, nan take aka kashe shi. Ka ware wa kowanne minti biyar na mita a majalisa, kada ka zarce, shayi zai huce.

Na biyar, kada ka nemi Will da Elizabeth a fim na 2011, babu su. Ka wuce na 2017, inda ɗansu Henry ya karya mashin Poseidon mai baki uku, duk wata la'anar teku ta warware, Will ya taka ƙasa ya rungume matarsa. Amma ka tanadi hankici, don a nan Barbossa ya ba da ransa saboda 'yarsa Carina. Bayan sunaye kuma aka hasko inuwar Davy Jones a ɗakin barcin Will, aka bar mu da zullumi.

Na ƙarshe, ka samo wanda bai taɓa kallo ba, ku faro daga na farko, ka kame bakinka har ƙarshen na uku. In ka ga ya zabura yana cewa wannan ai zalunci ne, ka gaya masa gaskiya: da an mayar da kowa gida lafiya, da sadaukarwar Jack ba ta da daraja, da mun daɗe da mance sunan Will Turner. Sannan ka riƙe masa riga kada ya tashi kafin sunaye su ƙare.