Amarya Mai Launi 256

Kawuna yana da shago a Furana inda yake buga katin gayyatar biki da wata kwamfutar gwanjo da ta girme ni. Rake ya kai kasuwar Makarfi ya sayo ta da kuɗin, don haka saura kaɗan ya ce sai da alwala za a taɓa ta. Aibinta ɗaya: in an ɗora hoton amarya, sai fuskar ta fito dabbare-dabbare.

Da yake na yi kwas ɗin kwamfuta a Zariya, ni aka kira. Na kwance ta, na tarar katin hotonta S3 Trio64V+ ne na 1995, ma'ajiyarsa megabait 1 kacal. In faɗin allo ɗigo 1024 ne, tsayi 768, kowane ɗigo bait ɗaya yake samu, wato launi 256. Amma ga gurabe biyu fayau a jikin katin. A cusa ƙwaya biyu masu kilobait 512, a samu launi 65,536.

Da na je neman su a unguwar PZ ta Zariya, yaran shago suka tambaye ni gigabait nawa nake so. Da na ce rabin megabait guda biyu, har maƙwabta aka kira su zo su ji. Wani dattijo mai gyara ne ya tono mataccen kati a ƙasan benci, ya ɓanɓaro min biyu, ya caje ni kuɗin da ya ce na tarihi ne.

Na dawo na danna su, aka ja janareto. Amarya ta fito koriya shar, da ratsi-ratsi daga goshi har haɓa.

"Injiniya, da dai mutum ce," in ji Kawu. Maƙwabcinsa tela ya ce a kira malam.

Ba aljanu ba ne, ƙurar hunturu ce ta shekara da shekaru ta cika guraben, ƙafafun ƙwaya ɗaya ba sa taɓa ƙarfe. Na goge da sifirit da buroshin haƙori (na wane ne, ban tambaya ba). Sai ga amarya fes, har lallen hannunta ana gani. Kawu ya kira jama'a kallo, ya sa min albarka.

"Kawu, a buga mana ɗaya mu gani."

Ya danna. Injin bugawarsa, ashe, baƙi da fari kawai yake fitarwa.