Yadda za ka leƙa WhatsApp ka dawo manhajar banki ba ta manta da kai ba

Ba sai na koya maka buɗe asusu ba. Tun canjin kuɗin Sudan na Disamba 2024, da aka fito da sabbin takardun fam 500 da 1,000 aka ce kowa ya kai tsofaffinsa banki, har mai gawayi a Mai Wurno ya iya cewa "turo min ish'ari in gani", wato shaidar an tura kuɗi. Tudun da ake hawa a samu sabis ma kowane ƙauye ya san nasa. Mu wuce inda ake kayar da mu: ka sa lambar sirri, ka rubuta kuɗin, ka ɗan fita ka kwafo lambar asusu daga WhatsApp, ka dawo ka tarar an wanke allo tas, ana yi maka maraba da zuwa.

Na ɗaya, kwafi lambar tun kafin ka shiga. Wannan dabara tana aiki har zuwa ranar da mai kantin zai ce, "A'a, wannan asusun ya cika yau, ga na ƙanina."

Na biyu, riƙe biro. Akwai wani mai kanti a kasuwar Sinnar da ya yanki kwalin sukari, ya rubuta lambarsa da manyan baƙi, ya rataya kusa da sikeli. Wurin zaren ya yi baƙi don yawan hannun da ke juya shi. Allah ya saka masa, ya ceci mutane fiye da duk wani sabuntawa da aka taɓa turo mana. In babu kwali, bayan hannunka na nan.

Na uku, lambar tabbatarwa. Nan kam sai an yi haƙuri da ni. Makon jiya na tsaya biyan kuɗin taki na hawashar da muke nomawa, mai raksha na jira da kekensa mai ƙafa uku, mutane sun yi layi a bayana. Manhaja da kanta ta ce ta aiko min lamba ta saƙon tes. To ina zan karanta saƙon in ban fita ba? Na fita, na karanta, na dawo ina maimaitawa a baki kada ta gudu, sai ga shafin farko. Ita ta aike ni, ita ta rufe ƙofa a bayana! Na sake shiga, tsohuwar lamba ta mutu, sabuwa tana can tana yawo tsakanin tur'ar ban-ruwa da gonar auduga. Dattijon da ke bayana ya ce, "Ɗana, ko ka matsa in gwada tawa?" Tasa ma haka ta yi masa. Mai agashe, in ka juya ka amsa gaisuwa, ba ya kwashe namanka daga wuta ya ce ka sake bin layi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne wayar ba ta ɓoye wa manhaja komai. Android tana sanar da ita mataki-mataki: wani abu ya gitta gabanki, yanzu an daina ganinki, ga shi an dawo. Shafin intanet ma burauza na gaya masa lokacin da aka rufe shi da wani. Wanda ya gina manhajar shi ke zaɓar abin da za ta yi da labarin. Yana iya duba agogo, ya bambanta mai leƙen daƙiƙa goma da wanda ya ajiye waya ya tafi masallaci. Ban ce a bar asusu a buɗe ba. A ƙasar da aka ƙwace wa mutane wayoyi a hanya tun ɓarkewar yaƙi a Afrilu 2023, kulle dole ne. A nemi yatsana ko lambar sirri, sannan a mayar da ni inda na tsaya, da abin da na rubuta.

Na huɗu, rufe duk abin da ke buɗe kafin ka fara. Wayoyinmu masu ƙwaƙwalwar aiki giga 2 ba sa ɗaukar kaya biyu; da ka buɗe WhatsApp mai cike da hotunan biki, waya sai ta kashe manhajar da ke baya don ta samu wuri. Amma ko a nan ana ba manhaja damar ajiye abin da ke hannunta kafin a ɗauke ta. Har maɓalli akwai a saitin masu gina manhaja, mai rushe shafi da zarar an bar shi, an yi shi musamman don su ɗanɗani abin da muke sha. Wa ya danna?

Akwai kuma raba allo gida biyu, da Android ta kawo a 2016. Gwada. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, wasu manhajojin kuma ba sa yarda. Mu wuce.

Na nawa muke? Bar lissafin, ga ɗaya ciwon, kishiyar na farko: manhajar da ba ta ma san ka tafi ba. Shafukan nan da ke jere a ƙasan allo, in ka bar ɗaya ka koma wani, na farkon bai rufe ba, an dai lulluɓe shi ne. In maginin ya ce a ɗauko ragowar kuɗi sau ɗaya tak, lokacin da shafin ya fara buɗewa, to za ka tura kuɗi ka dawo ka ga adadinka bai motsa ba. Sai zuciya ta ce bai tafi ba, ka sake turawa. Na san wata inna da ta biya buhun dawa sau biyu ta haka, aka kwana ana kai-komo kafin a mayar mata. Gwajin mai sauƙi ne: kunna karatu ko bidiyo a shafi ɗaya, koma wani. In murya ta ci gaba ba da izininka ba, manhajar makauniya ce, kuma datarka take sha. Wanda ya sayi awa guda a wurin masu Starlink lokacin da layukan waya suka ɗauke a Fabrairu 2024 ya san kuɗin kowane minti.

Saboda haka ja shafin ƙasa ya sabunta, duba jerin abin da ya fita, kada ka sake turawa sai ka gani da idonka.

Ku kuma masu ginawa, a Bur Sudan kuke ko Alƙahira ko Kano, ku ajiye babbar wayar nan ta kan tebur. Ku ari ta wani ɗan kambo, wato sansanin leburorin gona, a Jazira, mai tsagaggen gilashi da caji kashi tara, ku tsaya a rana gaban mai taki, mai raksha yana danna hon. Ku biya, mu gani.