Duka da Kuɗinka

Kamfanin FromSoftware na Japan ya gano sana'a mai riba: ya karɓi kuɗinka, ya lakaɗa maka duka, ka kuma yi godiya. Tun wasan bidiyonsa Dark Souls na 2011 ake wannan ciniki. Da wasansa Sekiro ya fito a 2019 sai gardama ta kaure: a sassauta wasan ko a bar shi yadda yake?

Gwanaye suka ce ai wuyar ce daɗin. Faɗan na adalci ne: ka kare sara a kan kari, abokin gaba ya yi taga-taga, ka gama da shi. In ka mutu, ka tuhumi yatsunka. Sauran jama'a suka ce su fa a gajiye suke dawowa daga aiki, wasa suka saya, ba jarrabawa ba.

Ana cikin haka wasansa Elden Ring ya iso a 2022 da wata abokiyar gaba, Malenia, wadda duk saran da ta kai maka lafiyarta ke ƙaruwa, ko da garkuwa ka tare. Ka yi gumi ka kayar da ita, ta miƙe da fukafukai, a sake sabon lale. Wasan ya yarda ka kira fatalwa ta taya ka, amma gwanaye sun ce wannan nasarar aro ce.

Sai ga wani ɗan wasa, daga shi sai bante, tulu kife a ka, takobi biyu a hannu. Ka kira shi cikin wasanka, ka koma gefe, ya kashe maka ita shi kaɗai. Masu son wuya suka tafa masa. Masu neman sauƙi kuwa suka bi layi.