Wai kiɗan mamata ma sana'a ne?

To masu taɓe baki, ku matso kusa. Na ji kuna cewa wane irin mutum ne zai ƙare ƙuruciyarsa yana koyon kiɗan da mai shi ya rasu tun 1750. Bach Bajamushe kuke nufi. Ku tanadi dariyarku, da sauran labari.

Masu wannan kiɗan ko tsirkiyar ƙarfe ba sa so, sai ta hanjin tumaki irin ta zamanin Bach. Da zaure ya ɗau zafi sai ta saki, a tsaya ana ɗaure ta, jama'a na zaune suna jira. Mai kaɗa tiyobo, wani molo mai wuya kamar na raƙumi, sau da yawa sai ya saya wa abin kiɗansa kujera a jirgi. Kuma akwai makaranta sukutum a Basel ta ƙasar Suwizalan, tun 1933, wadda ba ta da aiki sai koyar da tsohon kiɗa irin wannan.

"Albashi fa?" Alhaji, ka sosa inda ke ƙaiƙayi. Yawancinsu ba su da shi, sai an gayyace su wasa suke samu. Kakarsu ita ce gab da Ista, lokacin da coci-coci da zaurukan Holan ke cika da masu sauraron waƙar Bach ta Linjilar Matiyu. Talaucin ma gado ne. A 1730 Bach da kansa ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa daga Leipzig, yana kukan cewa lafiya ta yi yawa a gari, jana'iza ta ragu, kuɗin shigarsa ya faɗi.

"To ai ka yarda wahala ce." Sannu da gaggawa. Nikolaus Harnoncourt yana da aikinsa mai albashi a wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Vienna, ya ajiye a 1969 ya rungumi tsohon kiɗa. Shi da Gustav Leonhardt suka naɗi waƙoƙin coci na Bach kusan 200 daga 1971 zuwa 1990. A 2001 da 2003 Harnoncourt aka ba jagorancin wasan sabuwar shekara na Vienna, ana kallonsa a talabijin a ƙasashe da dama. Haƙuri dai ya dafa dutse.

Kai kuma mai dariyar ƙeta can baya, Shata ya rasu tun 1999, amma kullum shi ke tashi a motarka, kana cewa yaran yanzu hayaniya kawai suke yi. Ashe ɗan ƙungiya ne kai, kuɗin tikiti ne kawai ba ka biya.